Jeb Bush da faɗuwar shafaffu da mai

Ranar Lahadi 21 ga Fabrairun 2016 muna kan layin zaɓen shugaban ƙasa a wata lakkal da ke unguwarmu a nan Maraɗi, sanyin safiya bai gama sakin jiki ba. Wani dattijo da ke gabana, ƙaramar rediyo manne da kunnensa, ya juyo ya ce, "Malam, kai da kake bin labarin duniya, wai da gaske ɗan gidan Bush ya ajiye takara?" Na ce, "Haka na ji da asuba, Baba." Ya girgiza kai ya ce, "Ubansa ya yi shugaban ƙasa, wansa ya yi. Jam'iyya tasu, kuɗi nasu. To wa ya hana shi?"

Ban ba shi amsar kirki ba a ranar. Na ce masa wani attajiri ne mai baki ya kayar da shi, muka ci gaba da matsawa gaba a layi. Amma tambayar ba ta sake ni ba, domin a wurinmu ba a saba ganin haka ba. Wanda manyan jam'iyya suka ɗaga hannunsa a babban taro, bakin alƙalami ya bushe, sai dai wanda bai gamsu ba ya kwashi tabarmarsa ya kafa tasa jam'iyyar. Ga shi kuwa a ƙasar da jam'iyyunta biyu suka haura shekara 150 suna musayar mulki, ɗan lelen jam'iyya ya kasa ko kai bantensa.

Sai an san yadda ake fid da gwani a Amurka kafin a gane abin da ya karye. Ba rana ɗaya ake yin zaɓen ba. Jihohi ne ke yi bi da bi, an saba farawa da Iowa, sai New Hampshire, har a kai watan Yuni. Kowace jiha tana da adadin wakilan da za ta tura babban taron jam'iyya, kuma ƙuri'ar talakawa ce ke nuna wa waɗannan wakilai wanda za su zaɓa. A jam'iyyar Republican a 2016, duk wanda ya tara wakilai 1,237 ya gama.

Da can ba haka abin yake ba. Har zuwa 1968 gwamnoni, magadan manyan birane, shugabannin ƙwadago da sanatoci ne ke zama su tsayar da mutum, kusan irin tsohon tsarin sarautar Katsinar Maraɗi, inda Kaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi ke da ta cewa a kan wanda zai hau gado. A shekarar ce jam'iyyar Democrat ta ba Hubert Humphrey tikiti alhali bai shiga zaɓen fid da gwani ko a jiha ɗaya ba. Ana cikin yaƙin Biyetnam, an kashe Robert Kennedy, ɗaya daga cikin masu neman tikitin, a watan Yuni, matasa suka cika titunan Chicago suna zanga-zanga, ƴan sanda na dukansu ana nunawa a talabijin. Humphrey ya faɗi babban zaɓe a hannun Richard Nixon. Daga nan jam'iyyar ta sake dokokinta, ta mayar da zaɓen wakilai hannun masu ƙuri'a, Republican ma ta bi sahu saboda jihohi sun canza dokokin zaɓensu.

Farkon abin ya ba manya tsoro. A 1972 talakawan jam'iyya suka tsayar da George McGovern, ya faɗi a jihohi 49 cikin 50. A 1976 suka ɗauko Jimmy Carter, manomin gyaɗa daga wani ƙaramin gari a jihar Georgia, wanda a wajen jiharsa kaɗan ne suka san sunansa. Mu da garinmu ya tashi da cinikin gyaɗa muna da dalilin jin daɗin wannan labari. Carter ya ci shugabancin ƙasa, amma jiga-jigan Washington ba su taɓa ɗaukarsa nasu ba.

To sai manya suka koyi shigowa ta wata ƙofa. Tunda ba su da ikon naɗawa kai tsaye, sai suka riƙa tace ƴan takara tun kafin a jefa ƙuri'a ta farko. Shekara guda kafin Iowa, attajirai za su haɗu a kan mutum ɗaya, gwamnoni da sanatoci su fito ɗaya bayan ɗaya su yi masa mubaya'a, ƙwararrun masu shirya yaƙin neman zaɓe su koma gidansa, jaridu su ce shi ne kan gaba. Kafin talaka ya iso rumfa an riga an share wa mutum ɗaya hanya, sauran kuma aljihunsu ya bushe. Democrat ta ƙara da wata dabara tun zaɓen 1984: wakilai na musamman, wato gwamnoni da ƴan majalisa da shugabannin jam'iyya, waɗanda ƙuri'ar kowace jiha ba ta ɗaure su ba. A Republican kuwa abin ya zama kamar layin gado. Bush uba a 1988, Bob Dole a 1996, Bush ɗa a 2000, John McCain a 2008, Mitt Romney a 2012. Har wasu masana siyasa huɗu suka rubuta littafi a 2008 suna kafa hujja cewa har gobe jam'iyya ce ke yanke hukunci. A lokacin gaskiyarsu ce.

Da wannan lissafi Jeb Bush ya shigo ranar 15 ga Yunin 2015. Ya yi gwamnan Florida sau biyu. Ƙungiyar da ke tara masa kuɗi, Right to Rise, ta haɗa fiye da dala miliyan 100 cikin wata shida na farkon shekarar. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. A canjin lokacin kuɗin sun kusa miliyar 60 na sefa. Manufar tara su tun da wuri ita ce a razana sauran masu sha'awa su haƙura. Washegari, 16 ga Yuni, Donald Trump ya bayyana tasa takarar, mutumin da bai taɓa riƙe ko kujerar kansila ba. Bayan wata takwas Bush ya zo na shida a Iowa da ƙasa da kashi 3 cikin 100, na huɗu a New Hampshire, na huɗu a South Carolina, ya janye da wakilan da ba su kai biyar ba.

Abubuwa uku manya ke riƙe da su da suke sa kowa ya bi ta hannunsu: kuɗi, hanyar isa kunnen jama'a, da yardar da mabiya ke yi musu. Dukansu uku darajarsu ta faɗi, amma ba ta hanya ɗaya ba.

Na kuɗi, wani hukunci da kotun ƙolin Amurka ta yanke a 2010, wanda ake kira Citizens United, ya buɗe ƙofar da ta sa attajiri ɗaya zai iya zuba miliyoyi ba iyaka ga ƙungiyar da ke mara wa ɗan takara baya. Mutum zai zaci wannan ƙarin ƙarfi ne ga manya. Abin da ya faru shi ne kowane ɗan takara ya sami nasa ubangidan. A da idan gungun masu kuɗin jam'iyya suka juya maka baya, takararka ta mutu. Yanzu attajiri ɗaya ya isa ya riƙe ka wata da watanni, kamar yadda Sheldon Adelson ya riƙe Newt Gingrich a 2012. Ta ɗaya gefen kuma intanet ta ba talaka damar tura ɗan abin da ya samu daga wayarsa. Bernie Sanders, mai neman tikitin Democrat a 2016, ya riƙa nanata cewa matsakaicin abin da ake ba shi dala 27 ne, kuma da irin wannan taro-sisi ya tara fiye da dala miliyan 200.

Maganar isa kunnen jama'a ba ta buƙatar dogon bayani ga wanda ke zaune a garin da kowace fada ke da wayoyi fiye da kofunan shayi. Bush yana sayen talla da tsada, Trump kuwa gidajen talabijin ke binsa kyauta, domin duk abin da ya furta yana jawo masu kallo. Wani ƙiyasi da aka buga a watan Maris na 2016 ya ce lokacin da aka ba shi kyauta ya kai na kusan dala miliyar 2. Ga kuma Twitter, inda yake magana da miliyoyi ba tare da wani edita ya tace ba. Ya laƙaba wa Bush sunan mara kuzari, sunan ya bi shi har ya fita.

Na uku ne ya fi nauyi a wurina, kuma shi ne ba kotu ko waya ce ta ƙwace musu ba, su da kansu suka zubar. Mubaya'ar gwamna tana da amfani ne muddin mai ƙuri'a yana ganin gwamnan ya fi shi sanin daidai. A cikin shekara goma sha biyar kafin 2016, duk babbar maganar da manyan Republican suka ce a yarda da su a kanta, ta ƙare da ciwo. Sun ce Iraƙi na da makaman ƙare dangi, aka shiga yaƙi a 2003 zamanin mulkin wan Jeb, ba a sami makaman ba, sojojin Amurka fiye da 4,000 suka mutu, ba a maganar Iraƙawan da aka hallaka. Ƴaƴan ƙananan garuruwa da ƙauyuka suna da yawa a soja, wato gidajen da suka fi zaɓen Republican. Sun ce buɗe kasuwa da Meziko da Chaina zai amfani kowa, sai ga shi tsakanin 2000 da 2010 masana'antun ƙasar sun rasa guraben aiki fiye da miliyan 5. Sai 2008, bankuna suka durƙushe, gwamnatin wan Jeb ta nemi dala miliyar 700 don ceto su, miliyoyin iyalai kuma aka karɓe musu gidaje saboda bashi. Ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya ga yadda rufe iyakar Ɗan Isa da Jibiya ke tsayar da rayuwar Maraɗi ya san yadda shawarar da aka yanke a wani ofis mai nisa ke shiga tukunyar mutum, ya kuma san irin kallon da mutum ke yi wa wanda ya yanke ta.

Alamu sun yi ta fitowa, manya ba su karanta ba. Guguwar Tea Party ta 2010, wato boren mabiyan Republican masu tsattsauran ra'ayi, ta kayar da sanatoci masu ci a zaɓen fid da gwani. A Yunin 2014 Eric Cantor, mutum na biyu mafi girma na jam'iyyar a majalisar wakilai, ya faɗi a mazaɓarsa a hannun wani malamin kwaleji da bai kashe ko kusa da abin da shi ya kashe ba. A 2015 shugaban majalisar, John Boehner, ya ajiye muƙami saboda matsin ƴan jam'iyyarsa. Duk da haka, bayan faɗuwar Romney a 2012, uwar jam'iyya ta fitar da rahoto tana cewa mafita ita ce a sassauta kan baƙin haure don a jawo ƙuri'ar masu jin Sifaniyanci. Masu ba da kuɗi sun so haka, mabiya na ƙasa ba su so ba. Marco Rubio, matashin da ake wa kallon gobe ta jam'iyya, yana cikin sanatoci takwas da suka tsara ƙudurin dokar sassauta wa baƙin haure a 2013, kuma ita ce ta zame masa ƙarfen ƙafa.

Akwai wani dare da nake ganin ya tattara komai. A muhawarar da aka yi a South Carolina ranar 13 ga Fabrairun 2016, jihar da ke cike da barikokin soja da tsofaffin sojoji, Trump ya dubi Jeb Bush ya ce yaƙin Iraƙi babban kuskure ne, kuma an yi wa jama'a ƙarya a kan makaman. Zauren ya ɗauki ihun ƙin amincewa. Masu sharhi da yawa suka ce ya kashe kansa, domin ba a taɓa gidan Bush a wannan jiha. Bayan mako ɗaya ya lashe ta. Mutanen da ke cikin zauren da mutanen da ke kan layin zaɓe sun zama al'umma biyu, kuma na cikin zauren ba su sani ba. Shi kuwa Jeb, tun a watan Mayun 2015 da aka tambaye shi ko da shi ne zai shiga Iraƙi, ya kwashe kwanaki yana kwan-gaba kwan-baya kafin ya ce a'a. Ba zai iya zagin wansa ba, kuma ba zai iya kare yaƙin ba.

Ba zan yi wa wannan guguwa ado ba. Ba yunwa da baƙin cikin yaƙi kaɗai ke cikinta ba, akwai ƙyamar baƙi da ƙyamar Musulmi. A watan Disambar 2015 Trump ya nemi a hana Musulmi shiga Amurka baki ɗaya, kuma farin jininsa a cikin jam'iyyar bai ragu ba. Mun ji zafin wannan magana a nan, a masallatai da fadodi. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: shekaru da yawa manyan jam'iyyar suna amfana da irin wannan zuga a gidajen rediyo da talabijin masu goyon bayansu, suna karɓar ƙuri'ar da take kawowa, suna zaton za su iya kunna ta lokacin zaɓe su kashe bayan an rantsar. Sai aka sami wanda ke faɗa a fili abin da su ke faɗa da habaici.

Sai kuma lissafi, wanda mu ƴan Nijar za mu fi Amurkawa saurin ganewa. Manyan ƴan takara 17 ne suka fito a Republican. A New Hampshire Trump ya sami kashi 35. John Kasich, Jeb Bush, Marco Rubio da Chris Christie, su huɗun da ke neman ƙuri'ar ɓangare ɗaya, idan aka haɗa nasu ya kai kusan kashi 45. A South Carolina kashi ɗaya cikin uku kawai ya samu, amma dokar rabon jihar ta ba shi wakilai 50 duka. A Florida wanda ya zo na ɗaya ke kwashe 99 gaba ɗaya, ya kwashe, Rubio ya faɗi a gidansa ya janye a daren 15 ga Maris. Irin waɗannan dokoki an yi su ne don ɗan lele ya gama da wuri ba tare da dogon rikici ba. Tarkon da aka ɗana wa baƙo ya kama ƴan gida.

A tuna da 1993. Marigayi Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko da kusan kashi 34, Mahamane Ousmane na biye da shi da kusan 27. Mahamadou Issoufou da marigayi Moumouni Adamou Djermakoye da sauran ƴan ƙawancen AFC suka mara wa Ousmane baya, ya ci zagaye na biyu da kusan kashi 54. Tsarinmu na zagaye biyu na wancan lokacin yana tilasta wa masu ra'ayi ɗaya su haɗu, ko suna so ko ba sa so. Zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a Amurka ba shi da zagaye na biyu. Haɗuwa sai da son rai, sai wani ya yarda ya janye wa wani. Gwamnan Wisconsin, Scott Walker, ya janye tun Satumbar 2015 yana roƙon sauran su rage yawa don a tunkari Trump da mutum ɗaya. Ba wanda ya saurare shi. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya faɗi ya gaji magoya bayansa, kowa kuma na da attajirin da ke biya masa kuɗin jirgi. Ƙungiyar Bush ta kashe miliyoyi tana sukar Rubio, yaron da ya taso a siyasar Florida a ƙarƙashin inuwarsa. Lokacin da Romney ya fito ranar 3 ga Maris ya yi dogon jawabi yana gargaɗi a kan Trump, an riga an yi nisa, kuma jawabin daga bakin wanda ya faɗi zaɓen 2012 bai ƙara wa Trump komai ba sai farin jini. Mutum na ƙarshe mai ƙarfi da ya rage a gabansa shi ne Ted Cruz, sanatan da abokan aikinsa a majalisa ba sa ƙauna. Wato na ɗaya da na biyu duka ba na manya ba ne. Cruz ya janye ranar 3 ga Mayu, Kasich washegari.

Wasu na cewa da an haɗu da wuri da an tsayar da shi, tunda jimillar ƙuri'arsa ba ta kai rabi ba. Ina shakkar wannan. Ƙuri'a ba buhun gero ba ce da za a ɗauke daga wannan rumbu a zuba a wancan. Christie da kansa, da ya janye, wurin Trump ya koma, kuma da fili ya ragu a watan Afrilu, Trump ya riƙa haura rabi a New York da jihohin da ke kewaye. Rarrabuwar kai ta gaggauta faɗuwar, amma ginin ya riga ya tsage.

A Democrat manya sun tsira a 2016, da ƙyar. Sanders, dattijo mai shekara 74 daga ƙaramar jihar Vermont, wanda a majalisa ma ba ɗan jam'iyyar ba ne, ya ci fiye da jihohi 20 da kusan kashi 43 na ƙuri'u a gaban Hillary Clinton, wadda kusan duk gwamna da sanatan jam'iyyar ke bayanta. Adalci shi ne a faɗa cewa Clinton ta fi shi ƙuri'ar talakawa da fiye da miliyan 3, musamman ta baƙar fata a jihohin kudu. Amma ɗaruruwan wakilai na musamman da suka yi mata mubaya'a tun kafin a fara, da saƙonnin cikin gida na uwar jam'iyya da aka fallasa a watan Yuli har shugabar jam'iyyar ta sauka, sun bar wa matasa da yawa jin cewa an yi ɗauki-ɗora. A 2018 jam'iyyar ta hana waɗannan wakilai jefa ƙuri'a a zagayen farko na babban taro.

A 2020 suka nuna sun ɗauki darasi daga maƙwabta. Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, Sanders na kan gaba. Sai Jim Clyburn, ɗan majalisa baƙar fata da ake jin maganarsa a South Carolina, ya fito ya mara masa baya, Biden ya lashe jihar ranar 29 ga Fabrairu. Cikin kwana biyu Pete Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye suka bi shi, ranar 3 ga Maris ya ci jihohi 10 cikin 14. Abin lura a nan shi ne maganar Clyburn ta yi aiki saboda mutanensa sun daɗe da sanin shi, suna ganinsa a coci da wurin jana'iza. A wannan zaɓen dai Michael Bloomberg ya kashe kusan dala miliyar 1 daga aljihunsa bai ci jiha ko ɗaya ba. Sai 2024, Biden ya janye ranar 21 ga Yuli bayan an gama zaɓen fid da gwani, aka tsayar da Kamala Harris ba tare da ta nemi ƙuri'ar kowa a matsayin ƴar takarar shugaban ƙasa ba, ta kuma faɗi a Nuwamba.

Faransa ma ta ɗanɗana. Manyan jam'iyyunta biyu sun ari wannan tsari kafin zaɓen 2017. A ɓangaren dama aka fitar da Nicolas Sarkozy tun zagayen farko, Alain Juppé da ake sa rai ya faɗi a hannun François Fillon. Ƴan gurguzu suka ƙi tsohon firaminista Manuel Valls suka ɗauki Benoît Hamon, wanda ya ƙare da kashi 6. Ba wanda ya kai zagaye na biyu a cikinsu, kuma a 2022 jam'iyyun biyu a haɗe ba su kai kashi 7 ba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan faɗuwar manya. Gidan ba ya zama kango, sabon mai gida ke shiga, kuma ya fi na da ƙarfi domin ba kwamiti ba ne, mutum ɗaya ne. Cikin ƴan majalisar wakilai 10 na Republican da suka goyi bayan tsige Trump a Janairun 2021, biyu kawai suka koma majalisa bayan zaɓen 2022. Liz Cheney, ɗaya daga cikin goman nan, ɗiyar tsohon mataimakin shugaban ƙasa, ta sha mummunan kaye a zaɓen fid da gwani na Wyoming. A 2024 Nikki Haley, wadda ragowar tsofaffin manya da attajiransu suka rungume, Vermont da birnin Washington kawai ta ci. Duk laifin tsofaffin jiga-jigai, suna da wani aiki guda da ba wanda ya gaje shi: suna iya duban mutum su ce bai dace ba, ko da jama'a na tafa masa. Sun yi wasa da wannan iko wajen kare junansu har ranar da ake buƙatarsa ta zo ba mai jin maganarsu.

Mu a nan ciwonmu ta ɗaya gefen yake. Ba mu taɓa buɗe ƙofar ba balle mu ji tsoron wanda zai shigo. Duk sa'ad da mutum biyu suka so kujera ɗaya a jam'iyya ɗaya, sai jam'iyyar ta haihu. Djermakoye ya rasa shugabancin MNSD a hannun Tandja a 1991, ya kafa ANDP Zaman Lahiya. Cheiffou Amadou, ɗan jiharmu, ya bar CDS Rahama ya kafa RSD Gaskiya a 2004. Marigayi Hama Amadou ya fita daga MNSD, Lumana ta fito a 2009. Albadé Abouba ya kafa MPR Jamhuriya a 2015 bayan doguwar shari'a da Seini Oumarou. PNDS Tarayya ta tsayar da Bazoum Mohamed tun farkon 2019, kusan shekara biyu kafin zaɓe. Da aka zo Disambar 2020, mutum 30 ne a kan takardar zaɓen shugaban ƙasa. Wato zagayen farko na babban zaɓe shi ne ya zame mana zaɓen fid da gwani, bayan kowa ya riga ya fasa gidansa. Maƙwabtanmu na Najeriya suna yi, amma na daliget: a 2022 fam ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, a PDP kuma wakilan da ba su kai 1,000 ba ne suka zaɓi Atiku Abubakar, aka yi ta maganar dalolin da suka yi yawo a otal-otal na Abuja. Peter Obi ya fice kwanaki kaɗan kafin taron, ya je ya samo ƙuri'a fiye da miliyan 6 a wata jam'iyya, Kwankwaso kuma ya riƙe Kano da tasa.

Tun watan Maris na 2025 an rusa jam'iyyun siyasa a Nijar. Duk ranar da aka dawo da su, da kowane suna, za a dawo kan tambayar wa ke tsayar da ɗan takara. Ni ina goyon bayan a tambayi mabiya, domin na ga abin da rashin tambayarsu ya jawo mana cikin shekara talatin. Amma kafin a yi maganar ƙato bayan ƙato akwai wani abu ƙarami da ya kamata a fara da shi, wato rajistar ƴan jam'iyya. A yawancin jihohin Amurka hukumar jiha ce ke riƙe da sunayen masu zaɓe, ita ke shirya zaɓen fid da gwani, ba shugaban jam'iyya ba. A wurinmu kuwa katin jam'iyya wanda ya biya kuɗin bugawa shi ke rabawa, sau da yawa wani alhaji ne da ke da buƙata a Yamai. Idan aka kira zaɓe a kan irin wannan rajista, mai buga kati ne zai sake zaɓa, da hannun mutum dubu.

Kwanakin baya na sake haɗuwa da dattijon nan na layin zaɓe a wurin wani ɗaurin aure a unguwar Zariya. Na tuna masa da tambayarsa, na ce, "Baba, na samo maka amsa, sai dai ta yi tsawo." Ya saurare ni har aka fara raba goro. Da na kai maganar kati sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce a cikin akwatinsa akwai katin jam'iyya uku, na farko tun bayan taron ƙasa na 1991. Ya yi rawa a filin taro, ya kwana a rumfar zaɓe yana gadin akwati, ya ɗauki mutanen unguwa a motarsa da man aljihunsa. Na ce, "To a cikin ukun, akwai wadda ta taɓa kiranka ta ce wa kake so a tsayar?" Ya ce, "Malam, ko na kansila ba a taɓa tambayata ba."